Tafinta

Shekara goma sha tara ina tafinta,
bakina gada ne, kowa ya taka ya wuce.
Farar mota takan ɗauke ni a Maradi da hantsi,
mu nufi ƙauyukan bayan Tibiri,
ni a baya, tsakanin kwalin ruwa da allon furoje.

Bari in faɗi laifina tun ba a tambaye ni ba.
In mai gari ya ce, “To, mun ji,”
sai in juya in ce sun yi murna.
In Barmo ya ce, “Injin nan, wa zai saya masa mai?”
sai in ce yana godiya.
Tuwon gidana a kan harshena yake,
ina tsoron in motsa shi ya zube.

Haka muka kafa injin niƙa inda gazuwal ba ya zuwa.
Muka kai awaki masu dogon kunne,
suka ci kuɗin magani, suka mutu kafin kaka.
Akwai fanfo a wani gari, ba zan kama suna ba,
an yi bikinsa da kalangu da lemu.
Wata bakwai, wata ƴar roba ta tsinke a cikinsa,
babu irinta sai a ƙasar da ta haife shi.
Yau jakai ake ɗaurewa a wuyansa.

Sai wata shekara aka turo wata doguwar mata,
mai takalmin roba, mai yawan shiru.
Muka zauna gindin gawo, maza a gaba.
Daga can baya Kuluwa ta miƙe, da dussa a hannunta:
“Kai yaro, gaya mata yadda na faɗa, kar ka sa zuma.
Kukan zo da amsa a aljihu,
sannan ku bi gari kuna neman tambayarta.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
Wa ya taɓa tambayar wuyan da ke ɗaukar tulu?”

Na dubi direba, direba ya dubi ƙasa.
Ban san abin da ya hau kaina ba,
na juya shi duka, har da gishirinsa.

Matar ta rufe littafinta.
Ta ce a tambayi Kuluwa: ina?

Ba inda taswira ta nuna aka haƙa ba,
can kusa da tsamiya, hanyar da mata ke bi daga gona.
Fanfon da aka sa, ba shi da kyan gani,
amma Nomau mai gyaran keke ya kwance shi sau uku
ya mayar, ido rufe,
kuma kayansa na nan a babbar kasuwar Maradi,
rumfa ta huɗu in ka wuce masu fitila.
Kowane gida dala biyar ran Juma’a.
Akwatin kwado uku gare shi:
makulli ɗaya gun liman, ɗaya gun Kuluwa,
ɗaya gun Dije, da ba sa ga maciji da Kuluwa.
Ko sisi bai taɓa ɓata ba.

Damina huɗu aikin ya ci.
Manyanta suka rubuto cewa ta cika nawa,
na ga takardar, na ga idonta.
Aka mayar da ita gida.

Bara ta dawo da kuɗin aljihunta, ba sanarwa.
Ba kalangu, ba wanda ya shimfiɗa tabarma.
Kuluwa ta rasu, makullin na wuyan jikarta.
Fanfo na kuka ƙiii, ƙiii, ruwa na zuba,
allon furoje ya zama ƙyauren akurkin kaji.
Wata yarinya ta ɗago daga bokitinta
ta ce, “Baƙuwa, matsa, kin tare mana fanfonmu.”

Matar ta dube ni: me ta ce?
Na buɗe baki,
na ga ta riga ta matsa.